Sunan da Aka Laƙaba wa Babanmu a Rumfar Direbobi

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyar direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ta unguwarmu, Zongo, Kwatano.

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ɗa ga uba, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan ƙungiya.

Ni ne Habu mai wankin mota a Houéyiho, ɗan Malam Idi tsohon direbanku. Karatuna bai yi nisa ba, a gafarce ni inda magana ta karkace.

Ranar Lahadin da ta wuce da safe na ga Babanmu ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tafi rumfar ƙungiya da ƙafa, yana gaida mutane tun daga nesa. Kai ka sa aka kafa tele a can don a kalli tseren motoci na kwana da yini da ake yi a Faransa, saboda yayana Sani yana cikin masu canza taya da birki na wata jar mota. Ka zaunar da Baba kusa da kai. Mun ji daɗi ƙwarai.

To, Alhaji, sai ga wasu motoci masu kama da kwaɗo a ƙasa suna haska wa jar motar fitila, tana riƙe gefenta suna wucewa. Da abin ya yi ta maimaituwa sai ka ɗauki lasifika ka ce, "Malam Idi, ashe akwala aka ba ɗanka ya gyara? Kai da ba a taɓa wuce ka a hanyar Malanville ba, ka haifi Ba-da-hanya!" Rumfa ta fashe da dariya. Na san wasa ka yi. Amma Baba ya laluba takalmansa ya fita, bai yi wa kowa sallama ba. Ni na bi shi a baya, na kasa ɗaga kai, na kasa jerawa da shi.

Ga abin da nake so ka sani. Ni ma ban san shi ba sai da Yaya ya bayyana mini ta waya.

Na ɗaya: ba tsere ɗaya ba ne muka kalla. Motocin aji-aji ne a kan hanya guda. Masu kama da kwaɗon nan su ake kira furototif. Don tsere kawai aka ƙera su, ba a sayar da su, ba za ka gan su a kan titi ba. Motar su Yaya kuwa ajin GT ce, 'yar'uwar motar da attajiri zai iya saye ya hau, an dai yi mata gyaran tsere. Ba a haɗa musu lissafi, kowane aji da kofinsa. Kamar dai kamiyo da taksi ne: hanyar arewa ɗaya suke bi, amma ba ka taɓa cewa direban kamiyo rago ne don taksi ya riga shi isa ba.

Na biyu: barin mai sauri ya wuce ƙa'idar wurin ce. Har shuɗiyar tuta ake ɗaga wa direba don ya san akwai wani a bayansa. A ajinsu, jar motar ta biyu ta zo. Lokacin da aka nuna su da kofi, an riga an kashe tele, kowa ya watse.

Na uku, kuma shi ne ya sa ni rubutu: sunan ya bi mu. Masu zemijan, baburan haya, in sun hango Baba sai su yi oda su ce, "Baban Ba-da-hanya, a ba mu hanya!" Har kasuwar Saint-Michel an faɗa mini. Ya daina zama a ƙofar gida. Ya aika wa Yaya cewa ya ajiye aikin ya dawo, ba zai sa albarka a kan abin da ya mai da shi abin dariya ba. Yaya kuma ya ce ba zai saɓa wa Baba ba. Maigidansa a wurin aiki yana jiran amsa, ko zai zauna ko zai dawo, ƙarshen watan nan. Na yi wa Baba bayani, ya ce ni yaro ne, Shugaba da bakinsa ya faɗa. Wallahi kunya nake ji. Ɗan Zongo ya kai inda ba mu taɓa kaiwa ba, ladarsa daga gida sunan tsokana.

Roƙona, Alhaji: bayan sallar Juma'a mai zuwa ka gyara maganar a gaban mutanen da suka ji ta. Ka hana yara kiran sunan. Sannan ka taka zuwa gidanmu, don maganarka kaɗai Baba zai ji. Ban nemi a ba ni haƙuri ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya tsare motocinku a hanya, ya sa ka gama lafiya.

Ba ni kaɗai na gani ba. Ladan Mamman yana wurin, da Isa mai faci, da Dauda da ya kafa telen. Innarmu ma tana tsaye bayan katangar rumfa da kwanon waina da ta soya wa 'yan ƙungiya. Ta ji komai, ta koma da shi gida a rufe.

Wassalam.

Ɗanka, Habu.