Ruwan Maraba a Guéchémé

Litinin, 5 ga Agusta 2024
An binne Colette, ɗiyata. Shekara uku. Zawo. An yi ruwa, ƙasar ba ta yi wuyar haƙa ba.

Alhamis, 8 ga Agusta
Masu gaisuwa sai shiga da fita suke. Ina cewa na gode. Ba na jin komai, ko yunwa.

Asabar, 17 ga Agusta
Rumaisa'u, mai rabon ƙwayar tsabtace ruwa a unguwarmu, ta zo. Ta tambaya ko na daina sakawa ne. Ban daina ba. Ƙwaya ɗaya cikin bido, jarkar ruwanmu, a jira, a sha. Haka nake tun haihuwar Hervé, ƙanen Colette.
Amma da muka je Guéchémé gun surukaina, Inna, uwar mijina, ta tarbe mu da ruwan maraba, daga tabkin bayan gari aka ɗebo. Wa zai mai da ruwan maraba? Na kurɓa, Colette ta shanye sauran. Da na gaya wa Rumaisa'u haka, sai ta ajiye mani wasu ƙwayoyin.

Lahadi, 25 ga Agusta
Na je majami'a. Bakina ya yi waƙa.

Talata, 10 ga Satumba
Fidèle, mijina, ya ce dole mu koma Guéchémé, Inna ba ta iya doguwar tafiya kuma tana son ganinmu. Na ce to. Hervé ya fara shan ruwa yanzu. Na cika gora daga bido na sa cikin kaya, ban ma yi tunani ba.

Jumma'a, 13 ga Satumba
Mun dawo Dogon Dutsi.
Da isarmu Guéchémé Inna ta kawo ƙwaryar ruwa, ta karɓi Hervé, ta kai mashi baki. Hannuna ya riga ni. Ƙwaryar ta kife gaban mutane. Fidèle ya ce, "Bénédicte, Inna ce fa." Inna ta ce, "Ruwana ne ba ya shayuwa, ɗiyata?" Na ce, "Inna, guda ya rage mani."
Can Inna ta miƙo hannu, na ba ta gorar. Ta shinshina ruwan, ta ce warin magani gare shi. Ta ba Hervé da kanta.
Na bar mata ƙwayoyin.
Hervé lafiya lau, ya ci tuwo. Ina wanke gorar ɗazu sai kuka ya zo mani. Hayaƙin murhu ne, ina jin.