Abin da Ungozomar Kukawa ta Faɗa

Daga Aisata a Kukawa zuwa ga Inna a Korahane. Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki da ta Mutari ƙanena? Yaya dabbobi? Allah ya sa rijiyarmu ba ta ƙafe ba.

Ni lafiya lau, Inna, kada ki damu. Sai dai ayarin alhazan da na biyo ya wuce ya bar ni, don jinin nan da nake zubarwa bai tsaya ba. Wata ya kama ya mutu ina wankin tsummoki, in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Ina zaune wurin wata tsohuwar ungozoma, ina yi mata daka ranar da na sami ƙarfi.

Ita ce ta taɓa marata ta ce, "'Yar nan, ƙari ne ya tsiro miki a mahaifa. Shi ke zubar da jinin, shi ke hana ciki zama." Na tambaye ta ko abin da mutum ya sha yana kawo shi. Ta ce a'a.

Ki je ki faɗa wa uwar Abarci haka, a gaban matan da ta tara ta ce sassaƙe na sha don kada in haifa wa ɗanta. Shi kuwa Abarci, da ya sake ni bai tambaye ni ba, ba ni da saƙo gare shi.

In kin sami mai zuwa, ki aiko mini da cuku da baƙin zane. Majanyin goyon da kika saƙa mini kuma, ki ba Fadimatu ƙanwata. Ki daina ajiye shi.

Allah ya bar mana ke. Wassalam.