Wayar Fasto a Buhun Shinkafa

Zuwa ga ƙanwata Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki, yaya yara da damina? Mu nan Aston, a Ingila, lafiya lau.

Ki kwantar da hankalinki, jikanmu Ishaya ya fasa ajiye aikin fasto. Tun da gwamnati ta rage tallafi, masu neman abinci suka cika cocinsa a Manchester, ya gaji har addu'a ta gagare shi. Dattawa suka ba shi hutun bazara, ya zo mana da jakar littattafai.

Kin san fasto ba ya ƙin amsa kira, sai na cusa wayarsa a buhun shinkafa. Ya sha barci, ya sha karatu. Da yamma nakan karanta masa Zabura ina bi da yatsa, irin namu na ajin yaƙi da jahilci. Ya ce, "Tsoho, a hankali." Na ce, "Ina na ga saurin?" Ran nan ya fara dariya.

Jiya da kansa ya ce, "Kaka, tono mini wayata, ina kewar mutanena."

Ki ci gaba da yi masa addu'a. Ki gaida Ladi.

Yayanki,
Bulus