Allon Kwamfutar Baba

Tudun Wada, Gusau
3 ga Agusta

Yaya Tukur,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Zuwaira da yara, ya damina a Tsafe? Na gaishe ka ne don haka aka rene mu, amma raina a ɓace yake.

Na je Bungudu wajen Inna ranar Asabar, na tarar ka kwashe allon cikin kwamfutar Baba, wai ɗakin yana yoyo, kai babba za ka adana. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa ba ka taɓa kallon ta ba, har tarkacen 'yan gwangwan kake ce mata. Sai yanzu da ka ji na fara gyara ka tuna kai ne babba?

Bari in yi maka bayani, ko da yake na san karatun kurma zan yi. Baba da hannunsa ya haɗa ta lokacin yana koyar da lantarki. Aisi ɗaya ne ya mutu, cikin ƙananan baƙaƙen na'urorin da ke dashe a allon, kuma an daina ƙera irinsa. Na sayo wani sabo wanda ke zuwa babu komai a cikinsa, kamar allon makaranta: ka rubuta masa aikin da zai yi, in ka yi kure ka wanke ka sake. Wata huɗu ina koyon yarensa. Sati uku na yi kafin in sa ƙaramar fitila ɗaya ta yi ƙyaf-ƙyaf, ranar har guɗa na yi ni kaɗai. Yanzu yana kwaikwayon mataccen daidai.

Abin da ya fi komai shi ne ɗaya aisin, wannan mai 'yar takarda manne a bayansa. A ciki aikin Baba yake, wanda in an kunna yake jero sunayenmu da ranakun haihuwarmu. Babu kwafinsa ko'ina. Na yi wa Inna alkawari za ta sake gani da idonta, kuma ka san idon nata kullum baya yake yi.

Ka ba Mu'azu direba ya kawo mini. Kada ka taɓa komai.

Ƙanwarka,
Mansura

Tudun Wada, Gusau
19 ga Agusta

Yaya Tukur,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ka gai da Zuwaira, ita ba ruwanta.

Saƙo ya iso, da 'yar takardarka mai cike da yabon kai. Ka wanke allon da fetur, ka ɓare tsohuwar takardar bayan aisin don ta yi dauɗa, ka shanya shi a kan rufin kwano kusan sati uku duk ranar da gari ya buɗe, sai ka ce barkono. Har kana cewa in gode maka.

Yaya, ƙarƙashin takardar nan akwai 'yar tagar gilashi. Hasken rana yana goge abin da ke ciki, shi ya sa Baba ya rufe ta. Da ka tambaye ni! Amma ina, babba ba ya tambayar ƙanwa, balle mace mai riƙe da ƙarfen liƙa wayoyi.

Ni ma ban kuɓuta ba. Tun wata huɗu ya kamata in kwafe shi, na yi ta cewa sai na gama, wannan kuma yana ci na.

Jiya na haɗa komai. Sabon aisin ya yi aikinsa, kwamfutar ta tashi karo na farko tun rasuwar Baba. Na zauna ina jiran sunanka, don shi ne yake fara fitowa. Ba abin da ya fito. Na duba cikin aisin Baba sau uku, ya goge tas. Na yi kuka, kuma ban yafe maka ba tukuna.

Zan iya rubuta sabo a yini ɗaya, Inna ba za ta gane ba. Ba zan yi mata wannan ƙaryar ba, kuma ba bakina ne zai faɗa mata ba. Ta riga ta gayyato Gwaggo Hajara ranar Juma'a bayan masallaci, har ta sa an sayo mata sabon tabarau. Zan kai kwamfutar Bungudu in ajiye a gabanta. Kai ne babba, sai ka zo ka kunna mata.

Wassalam,
Mansura