Hannun Daman Tela

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da su Baba. Yaya ƙirjin naki? Kada ki yi wasa da maganin shaƙa, don saboda asmarki na kai ku gidan Baba, ni kuma nake kwana a asibiti tun da aka sa dokar kulle. Direban motar asibiti zai kawo miki wannan, tunda a waya baki ba ya faɗin komai sai "lafiya lau".

Mun zaci annoba za ta rage mana aiki a sashen gaggawa, ashe zaman gida ya mai da kowa kafinta. Wannan ya sari yatsa da zarto, wancan ya faɗo daga tsani. Har sunana ya ɓace, kowa Mai Siminti yake kirana, tunda ni nake ɗaure karaya da simintin asibiti.

Jiya wata tela ta zo da karaya a hannun dama, ƙasa da gwiwar hannu. Santsi ya kwashe ta a bakin famfo. Tafiyar awa biyu ta yi da ƙafa, ta wuce shingen jami'an tsaro uku, hannun na rataye a ɗankwali. Ƙa'idarmu, sabuwar karaya rabin siminti ake sa mata don kumburi ya sami wurin fita, bayan mako a dawo a rufe duka. Da ta ji zancen dawowa sai idonta ya cika. Ta roƙe ni in gama mata gaba ɗaya. Likita yana can wajen masu annoba, ya ce a waya in yi abin da na ga ya dace. Tausayi ya kama ni, na rufe mata duka. Na rubuta lambata a kan simintin, na ce kwanakin farko zai yi ciwo, ta yi haƙuri, amma in yatsu sun canja ta kira ni.

Takunkumi take ɗinkawa tun da aka rufe kasuwa. Ta ba ni ƙanana biyu na yara, ga su a cikin ambulan. Dubi ɗinkin, ki gaya mini ko naki ya kama ƙafarsa.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Mai Siminti

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki, ina fatan kun tashi lafiya. Ni jikina lafiya, amma hankalina ba ya tare da ni.

Telar nan ta dawo yau, kwana huɗu da ɗaurin. Mijinta ne ya turo ta a amalanken wani mai ruwa. Tun daga ƙofa na hango yatsun, sun kumbura sun yi baƙi. Kin san al'adata, nakan danna farce in saki in ga jini ya dawo. Na danna duka biyar, ko ɗaya bai amsa ba. Da na yanka simintin sai warin ya ratso takunkumina biyu. Hannun ya kumbura a ciki bai sami hanya ba, har ya toshe wa kansa jini.

Na tambayi mijin me ya hana su kira. Ya ce tun rana ta biyu take cizon matashi, ya ɗauki waya sau uku tana hana shi. Wai Mai Siminti ya riga ya ce zai yi ciwo a yi haƙuri, kuma mutumin da ya yi mata alheri ba za ta dame shi da raki ba. Da bakina na faɗi magana biyu, ta riƙe wadda bai kamata ba.

Likitan tiyata ya tsaga hannun daga wuya zuwa gwiwa don jini ya sami hanya. Ya ce kwana biyu za su nuna. Bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi ta saman tabarau, da ma ya mare ni. Na rubuta a fayil cewa ni na rufe simintin, da sanina. Abin da zai biyo baya ya biyo.

Shekara goma sha shida ina wannan aiki, na koya wa mutum nawa wannan ƙa'ida. Ina jin tsoro ƙwarai. Ki sa telar a addu'a, ki ce Baba ma ya sa ta.

Mijinki

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na gode da lallashin. Kin ce niyyata mai kyau ce. Haka ne, amma niyya ba ta riƙe almakashi.

An yanke hannun shekaranjiya, ƙasa kaɗan da gwiwa. Dokar annoba ta hana 'yan dubiya shiga, don haka mijin yana tsaye a bakin taga daga waje, ni nake ba ta ruwa a baki. Na gaya mata gaskiya, cewa ɗaurina ne ya jawo. Ta ce ai ita ta roƙa. Na ce ita ba ta sani ba, ni na sani. Da na tashi fita, ta tambaye ni ko takunkumin ya yi wa yaran daidai.

An ce in bayyana gaban kwamiti in an buɗe gari. Wannan bai hana ni cin abinci ba. Abin da ya hana ni shi ne ɓawon simintin da na ɗauko daga kwandon shara, yana nan ƙarƙashin gadona da lambata a jiki.

Kin rubuta cewa Auta ya tsinke igiyar takunkuminsa, za ki jefar. Don Allah kada ki jefar. Ki wanke shi, ki mai da igiyar a hankali, ki bi ramukan allurar da ke jiki. Su ne ɗinki na ƙarshe da hannun nan ya yi.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki