Tsohuwar Kyanwa da Rumbun Iri

Tama, Maris 1985

Zuwa ga maigidana Hamani, a Abijan,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen garinmu da ke nan tare da kai. Ni da ɗiyarka Hasana lafiyarmu lau, sai kewa da jar dawar taimako da ta ishe mu. Ka yi haƙuri da rubutun, na karatun manya ne, har yanzu layukana gangara suke yi.

Inna Takawa maƙwabciyarmu ta rasu, Allah ya ji ƙanta. 'Ya'yanta sun kwashe kaya sun nufi Madawa, suka bar kyanwarta, tsohuwar nan mai ido ɗaya. Na iske ta kwance a tokar murhu tana jiran wuta a gidan da babu kowa. Na ɗauko ta a zanena. Wanka Arzika ya ce na rasa abin kiwo a shekarar yunwa sai mussa marar haƙori. Gaskiyarsa, haƙoran kaɗan suka rage. Amma ba ta sata, ba ta yawo, kuma tunda ta zo Hasana ta daina kukan nemanka, sai ta rungume ta ta yi barci.

Ba don wannan na rubuto ba. Kyanwar ta tare ƙarƙashin rumbun da ka liƙe, tsakanin duwatsun da ke ɗauke da shi, tana kallon sama. Na durƙusa in ga abin da take kallo. Ɓeraye sun huda gindin rumbun, ƙaiƙayi yana zubowa. Maigida, dammunan irinmu suke ci. Ka san hatsin babanka ne kaɗai ke nuna da wuri a gonarmu ta bisa tudu, na kasuwa ruwa ke ɗauke masa tun bai fid da kai ba. In irin nan ya tafi, mu ma bin 'ya'yan Inna Takawa za mu yi.

Na roƙi Arzika ya buɗe, ya ce rumbun da mai shi ya liƙe ba a taɓa shi kafin ruwan shuka, balle a ce mace ta leƙa. Don Allah ka aiko da izini ta hannun duk wanda zai hawo mota.

Ka huta lafiya. Matarka, Zaliha.

Tama, Mayu 1985

Maigida,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta aiki. Mu nan sai zafi da godiyar Allah.

Shiru nake ji. Duk ranar kasuwa ina tsaye bakin hanya ina tambayar masu saukowa daga mota, har sun fara kawar da kai in sun hango ni. Ban sani ba ko takardata ta iske ka, ko ka karanta ka ninke.

Ƙaiƙayin ya ƙaru, kullum sai na share shi kamar mai sussuka. Na toshe ramin da laka, suka huda wani. Na sake zuwa wurin Arzika har na zubar da hawaye gaban matansa, ya ce in ya buɗe aka iske ragi, shi za a ce ya ci. Na gane tsoronsa, amma tsoronsa ba zai tsiro a gona ba. Na nemi aron ƙuruciyar kyanwa a unguwa, na samu wata, ko wuni ba ta yi ba ta haure darni ta bi tsuntsaye. Tsohuwata kuwa tana nan inda take, ƙafafunta ba sa kai ta ko'ina.

To, ga abin da na yi, gara ka ji daga gare ni. Ban hau rumbunka ba, ban ɗaga hularsa ba, idona bai ga cikinsa ba. Lauje na ɗauka na faɗaɗa ramin ɓerayen daga ƙasa, na ɗaga tsohuwar kyanwar na sa kanta a bakin ramin. Nauyinta bai fi na ludayi ba. Ta waiwayo ta dube ni da idon nan ɗaya, sannan ta ja jiki ta shige. Zuciyata ta karye, don na ga kamar na ceto ta ne in kai ta inda za a cinye ta.

Safe da yamma nakan ɗiba daga furata in miƙa mata a kasko. Takan leƙo ta lasa ta koma. Jiya ta leƙo da kunne a yage. Hasana ta ƙi yi mini magana, wai na binne mata ƙawa. Ni kaina ban sani ba ko akwai sauran abin da take tsaro a ciki.

Ka amsa mini, ko da faɗa ne.

Taka, Zaliha.

Tama, Yuli 1985

Maigida Hamani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai ruwan shuka ya sauka.

Arzika ya sa tsani ya ɗaga hular rumbun, ni ina ƙasa ina jira. Ya daɗe yana leƙe, har na zauna daɓas. Dammunan ƙasa sun zama kara zalla. Na sama kuwa, waɗanda ka zaɓa ka ware, suna nan da tsabarsu, kyanwar tana kwance a kai. Da ya miƙa hannu ta yi masa huci da 'yan haƙoran da ya yi wa dariya, ta hana shi taɓawa sai da na kira ta daga ƙasa. Da yamma ya kwaɓa laka ya gyara gindin rumbun da kansa, amma ya bar ƙofa daidai jikinta. Har da guntun kilishi ya zo, ya ce wai na Hasana ne.

Mun shuka, shi yana sara, ni da Hasana muna binnewa. Irin bai kai ƙarshen gona ba, amma ya rufe fiye da rabi, kuma ya tsiro.

Takardarka ta iso bayan shuka. Na karanta inda ka ce kar in taɓa rumbu, in kori kyanwar tunda ba mu da abin ba ta, kai kuma kana nan tafe kafin ruwa. Ban kore ta ba. Ruwan ya riga ka.

Yanzu ciyawa ta taso tare da hatsin. Arzika yana da tasa gonar, hannuna kuma ya fashe, na kasa cim mata ni kaɗai. In ba ka iso noman farin nan ba, abin da tsohuwa ta ƙwato daga bakin ɓera ciyawa za ta shanye shi ina kallo. Hauyarka tana rataye inda ka bar ta. Ka zo, don Allah ka zo.

In ka iso za ka iske kyanwar kwance a tabarmarka. Kada ka tashe ta, na shimfiɗa maka wata a gefe.

Matarka mai jiranka, Zaliha.