Salwar Keji Na Biyu

Mubi, 4 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Eva,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mamanki tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi.

Salwar da kika bar mini ta binciken gama makarantarki suna nan. Keji na ɗaya ina zuba musu garin zogale da tafarnuwa da ɗan citta a cikin abinci, daidai awon da kika rubuta. Keji na biyu abinci zalla, yadda kika ce, don a ga bambanci. To, an gani. Na ɗaya sai tsalle da ƙwai. Na biyu kuwa, da zafin nan na Mubi, sun saki fuka-fuki suna haki, jiya uku suka mutu. Na kasa zama wuri ɗaya. In na fita kasuwa, ban kai ba na juyo. Ran Lahadi ban tsaya an gama sujada ba. Dole ne sai an bar su haka? Ki ba ni amsa da wuri.

Babanki,
Kwaji

Mubi, 26 ga Afrilu

'Yata Eva,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na rubuta ne don a waya bakina ba zai iya ba.

Kin yi murna da na ce mutuwa ta tsaya a keji na biyu, har kika ce malaminku ya yi mamakin yadda nauyinsu ya kamo na ɗaya. Ba abin mamaki ba ne. Ni ne. Kwana goma sha takwas ke nan ina ba su zogalen su ma. Shekara talatin ina kiwo, ban taɓa riƙe magani a hannu ina kallon dabba tana mutuwa ba. Sai da mamanki ta kama ni da kwanon, ta zaunar da ni, sannan na gane aikinki na wata biyu na ɓata. Kada ki kai wa malamin lissafin nan, ba gaskiya ba ne.

Ban tsaya jiran fushinki ba. Na samo sababbin 'yan salwa ɗari, za mu sake daga farko, ko da za ki gama bayan 'yan ajinku. Keji na biyu na sababbin na kai shi garin Sahuda, gidan abokina Hammanjoda. Na yi masa bayani, ya ajiye kejin a wani ɗaki, ya sa wa ɗakin kwaɗo. Na roƙe shi ko na zo ina magiya kada ya buɗe mini. Tun shekaranjiya sau biyu na je, bai buɗe ba.

Ki yafe mini. Allah ya tsare ki.

Babanki mai ƙaunarki,
Kwaji